Daga aska zuwa sirinji: tarihin sharar magani a ƙasar Damagaram, tare da misalin Guna

Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin kiwon lafiya a ƙasar Damagaram, galibi abin da ake ƙirgawa shi ne gidajen likita da aka gina, da annobar da aka ci ƙarfinta, da yawan mutanen da aka yi wa lamba. Ba a cika tambayar inda kayan aikin suke ƙarewa ba bayan an gama da su. Wannan takarda za ta bi sawun wannan tambaya tun daga zamanin sarauta har zuwa shekarun 2010, tare da ɗaukar misalin Guna, ƙaramar hukuma ta karkara cikin gundumar Mirya, kudu da birnin Zinder, a kwarin Korama. Abin da muke son nunawa shi ne haɗarin da ke tare da allura bai gushe ba, wuri kawai ya sake. A da yana cikin sirinjin da ake tafasawa a sake aiki da shi. Daga baya ya koma cikin rami da hayaƙi.

1. Zamanin sarauta

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a shekara ta 1884, aikin magani yana hannun boka da malami da wanzami da ungozoma da maɗori. Kayan aikinsu saiwa ne da ɓawon itace da ganye da kanwa da ƙaho da aska. Abin da ya rage bayan magani yakan ruɓe ya koma ƙasa, ƙarfen kuma ya koma cikin zabira. Abin da ya fito daga jikin mutum yana da tasa ƙa'ida: ana binne mabiya a cikin gida, ana rufe jinin ƙaho da ƙasa. Dalilin yin haka ya fi danganta da al'ada da tsoron sammu, amma amfaninsa ga tsabta a fili yake.

Wannan ba ya nufin zamanin babu haɗari. Aska ɗaya tana iya ratsa jarirai da yawa wajen cire beli ko kaciya, kuma kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini sun zama matattarar ruwa da sauro. Sai dai maganin wancan lokaci bai bar abin da zai shekara ɗari bai ruɓe ba.

2. Zamanin kayan da ake tafasawa

Turawan Faransa sun kama Zinder a shekara ta 1899, kuma garin ya zama hedkwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926. Likitocin farko na soja ne. A shekara ta 1905 Gwamna Roume ya kafa ma'aikatar kula da lafiyar 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma, a 1918 aka buɗe makarantar likitoci ta Dakar, a 1945 kuma aka kafa ma'aikatar yawon rigakafi mai cibiya a Bobo-Dioulasso. Ƙauyuka irin na kwarin Korama sun fi sanin maganin Nasara ta hanyar wannan yawo: ayarin ma'aikata ya sauka, mai gari ya tara jama'a, a yi lamba, a wuce.

Kayan aikin wannan zamani na gilashi ne da ƙarfe. Sirinji ana wanke shi a tafasa, allura ana wasa ta idan ta dakushe, kwalbar magani kuwa abin nema ce a ƙauye, don a zuba kwalli ko turare. Ko babban yaƙin da aka fara da agana a 1967 a ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka bai bar tarin allurai ba, domin da bindigar allura aka yi shi, wadda ake takawa da ƙafa tana tura maganin cikin fata ba tare da tsini ba. An ga mai agana na ƙarshe a wannan yanki a Nijeriya cikin 1970.

Shara kaɗan ce, amma cuta tana bin kayan aikin. Idan mutane ɗari suna jira, sirinji kuma goma ne, tafasawa ba ta kai yadda ya kamata. Ƙasar Masar ta zama abin misali a duniya: alluran maganin tsargiya da aka yi wa miliyoyin manoma daga shekarun 1950 zuwa na 1980 su ne suka baza ciwon hanta nau'in C a ƙasar. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2000 allurai marasa tsabta sun jawo wa mutum miliyan 21 ciwon hanta nau'in B, miliyan 2 nau'in C, da kuma mutum 260,000 cutar sida.

3. Zamanin kayan yarwa

A shekara ta 1987 aka tabbatar da ɓullar sida a Nijar. Tun daga nan aka fara ƙyamar allurar da ta taɓa jikin wani. Sa'an nan annobar sanƙarau ta 1995 ta kama dubun dubatan mutane a ƙasar, ta 1996 kuma ta kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. Rigakafin gaggawa irin wannan ba ya jiran tukunyar tafasawa. A 1999 OMS da UNICEF da UNFPA suka yi kira ga ƙasashe su koma ga sirinjin roba mai kulle kansa bayan aiki sau ɗaya, kafin ƙarshen 2003.

Wannan mataki ya ceci rayuka masu yawa, amma lissafinsa yana da wata fuska. Kwalin da ake zuba tsofaffin allurai, mai cin lita 5, yana ɗaukar sirinji kamar 100. Ke nan duk mutum miliyan ɗaya da aka yi wa rigakafi suna barin kwali 10,000. A kamfen na sabuwar allurar sanƙarau, MenAfriVac, da aka yi a Nijar cikin 2010 da 2011, duk mai shekara 1 zuwa 29 aka nufa, watau mafi yawan jama'ar ƙasa.

Ba sirinji kaɗai ba ne. Shiri na musamman na Shugaba Tandja Mamadu, wanda aka fara a 2001, ya gina ƙananan gidajen likita fiye da 2,000 a ƙauyuka, kowane da tasa shara ta kaɗa mai jini da safar hannu da robar ƙarin ruwa. Bayan yunwar 2005, abincin yara masu tamowa, Plumpy'nut, ya bazu a jahohin Maraɗi da Damagaram. Jinyar yaro ɗaya tana cin kamar ƙulli 150, cikin ledar da ba ta ruɓewa. Daga Disamba 2005 zuwa Maris 2006 an raba gidajen sauro masu magani fiye da miliyan 2. Idan sun tsufa sukan koma shingen garka ko igiyar ɗaure dabba, ko kuma su shiga wuta.

4. Rami da wuta a kwarin Korama

A lissafin OMS, kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti daidai take da sharar gida. Kashi 15 ne mai haɗari. Amma idan an haɗa su a kwando ɗaya, dukansu sun zama masu haɗari. Ma'aikacin da ke gidan likita na karkara dabara biyu gare shi: ya binne ko ya ƙone. A wuri kamar Guna kowace da illarta.

Birnin Zinder yana zaune bisa dutse, shi ya sa ruwansa daga nesa ake kawo shi, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan mai da hedkwata Yamai. Kwarin Korama akasin haka ne. Ƙasar rairayi ce, ruwa yana kusa, a cikin fadama wani wurin bai wuce gaba biyu ko uku ba. Wannan ne arzikin Guna da Dogo da Waca: rake da rogo da kayan garka. Shi ne kuma rauninsu, domin abin da aka binne a rairayi ba shi da nisa da rijiya, balle da damina idan ruwa ya taso. Ramin da ba shi da zurfi iska takan tone shi, awaki su ci leda, yara su tsinci sirinji su yi wasa. Wanda allurar mai ciwon hanta nau'in B ta soke yana iya kamuwa har sau 30 cikin 100. Ga sida kuwa kamar sau 3 cikin 1,000.

Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma tana haifar da wata guba. Robar ƙarin ruwa da ta jini suna ɗauke da sinadarin kulorin. Idan aka ƙone su a fili ko cikin rabin tano, hayaƙin yana fitar da gubar da ake kira diyoksin, wadda ke sauka bisa ciyawa, ta taru cikin kitsen dabba da madara da ƙwai, ta daɗe a jikin mutum. Sai zafin wuta ya kai digiri 850 ko fiye kafin a rage wannan haɗari. Ƙaramin tanderun bulo mai suna De Montfort, wanda Farfesa Jim Picken ya ƙirƙiro a Ingila a 1999, an yi shi ne don gidajen likita na karkara, amma yana bukatar mai hura shi da ya ƙware da kuma gyara in ya tsage. Ma'aunin zafin jiki na gilashi shi ma idan ya fashe yana sakin zaiba.

Yaƙin kurkunu ya nuna cewa ana iya sa magani cikin muhalli da awo. Ƙidayar 1991 ta gano fiye da mutum 32,000 masu kurkunu a Nijar, kuma ƙasar Mirya tana cikin inda ciwon ya fi yawa. An zuba maganin Abate cikin tafkuna bayan an auna yawan ruwansu, an raba ƙyallen tace ruwa, an horar da mutum a ƙauye yana rubuta rahoto kowane wata. A Disamba 2013 OMS ta shaida cewa kurkunu ya ƙare a Nijar. Abin da ya shiga tafki an san adadinsa, an san mai zuba shi.

5. Dokoki da kuɗi

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Bayan abin kunyar garin Koko na Nijeriya a 1988, inda aka jibge sharar guba daga Italiya, ƙasashen Afirka suka sa hannu a yarjejeniyar Bamako ranar 30 ga Janairu 1991, kuma sharar asibiti tana cikin jerin abubuwan da ta ambata. Nijar ta yi dokar tsabtar jama'a a watan Maris 1993, da babbar dokar muhalli a Disamba 1998, da dokar hana leda a 2014. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa tanderun asibiti cikin manyan masu fitar da diyoksin, ta Minamata ta 2013 kuma ta shafi zaiba.

Giɓin yana wajen kuɗi. Mai ba da taimako yakan biya allura da sirinji da firijin ajiya da man mota. Kuɗin ƙona kwali da haƙa rami mai siminti da albashin mai shara sukan faɗo kan gidan likita. Tun da aka mai da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, gwamnati ta sha jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu. Wanda yake neman kuɗin sayen magani, shara ce ƙarshen abin da zai tuna.

Kammalawa

Tarihin nan yana da matakai uku: askar da ke komawa zabira, gilashin da ke komawa tukunya, da robar da ba ta da wurin komawa. Komawa ga tafasa sirinji ba mafita ba ce, darasin Masar ya isa. Abin da ya rage shi ne a lissafa ƙarshen kayan aiki tun ranar sayensa. A raba shara tun daga ɗakin allura. A kwarin da ruwa yake kusa, a kwashe kwalayen allurai zuwa Mirya ko Zinder cikin motar da ta kawo maganin, maimakon a binne su kusa da rijiya. Kuma ƙaramar hukuma, wadda tsabtar gari take cikin ayyukanta, ta san inda kowane rami yake, kamar yadda aka san kowane tafki a zamanin yaƙin kurkunu.