Tarihin Babbar Majami'ar Holy Trinity ta Anacha

'Yan'uwa, duk wanda ke nema a Babbar Kasuwar Anacha ya san doguwar hasumiyar nan da ake hangowa ta wajen bakin kogin Kwara. Kullum muna wuce ta, amma kaɗan ne cikinmu suka san asalinta. To, ai sanin maƙwabci yana cikin haƙƙin maƙwabtaka.

'Yan mishan na CMS ne suka fara sauka Anacha a 1857, ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther. Sai a watan Disamba na 1885 'yan Katolika suka iso, jagoransu kuwa Fada Joseph Lutz, mutumin Faransa. Baƙi ne su ma kamar mu, ba su da ko taƙin ƙasa. Sarkin gari, wato Obi Anazonwu, shi ya ba su fili a bakin ruwa. An riga an ba Crowther wannan fili, amma ya bar musu, ko da yake ɗarikarsu ba ɗaya ba.

Ginin da muke gani yanzu an kammala shi a 1935, zamanin Bishop Charles Heerey, magajin Bishop Joseph Shanahan. Fasalinsa irin na majami'un Turai ne: dogon zaure, da tagogi masu lanƙwasa daga sama, da hasumiya. Ba majami'ar kaɗai ke wurin ba, akwai maƙabartar limamansu, ga kuma asibitin Holy Rosary nan kusa. Shanahan ya rasu a Nairobi a 1943, aka dawo da ƙasusuwansa aka binne a cikin majami'ar a 1956. Lokacin yaƙin basasa, a 1967, kasuwa ta ƙone, amma wannan gini ya kai labari. A 2007 Fafaroma Benedict na 16 ya ɗaga darajarta zuwa matsayin da suke kira basilika.

Abin lura a nan, jama'a, mutanen nan sun rubuta wanda ya ba su fili da shekarar da aka ba su. Mu fa? Wa ya ba iyayenmu filin masallatanmu, kuma yaushe? Bayan tarzomar watan Fabrairun 2006 mun ga yadda dukiya da takardu kan salwanta dare ɗaya. Dattawan da suka san labari suna ta ƙarewa.

Saboda haka muna kira ga ƙungiya ta naɗa masu zagayawa wurin dattawa su rubuta, a kuma adana takardun filaye a wuri fiye da ɗaya. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.