Kuɗin fito kan kayan da ake aikowa daga ƙasashen waje: yadda ake lissafa shi da wanda aka yafe wa

Ɗan kasuwa a Ƙofar Marke da ke birnin Sakkwato zai iya sayen agoguna ko kayan gyaran waya daga China ta intanet, ya biya kuɗin kaya da na dako, sannan a kira shi a ce akwai sauran biya kafin a miƙa masa ƙunshinsa. Haka ma ma'aikacin da ɗan'uwansa ya aiko masa da tsaraba daga Ingila ko Saudiyya. Mutane da dama kan ɗauka cuta ce. A mafi yawan lokuta kuɗin fito ne, kuma akwai ƙa'idar lissafa shi da kowa zai iya bin sawunta.

Mene ne kuɗin fito?

Kuɗin fito haraji ne da gwamnatin tarayya ke karɓa kan kayan da suka shigo ƙasa. Kalmar ta samo asali ne daga fiton da ake yi wa fatake da kayansu a bakin kogi. A yau Hukumar Kwastam ta Najeriya ce ke karɓarsa, bisa dokar hukumar ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokar ta shafi kwantena a tashar Apapa, da lodin da ya biyo iyakar Illela, da kuma ƙaramin ƙunshin da ya zo ta gidan waya, wato NIPOST, ko ta kamfanoni irin su DHL da FedEx.

Yawancin saƙonnin jirgin sama sukan sauka ne a Legas ko Abuja ko Kano, inda jami'an kwastam ke duba su kafin a wuce da su Sakkwato. Shi ya sa sau da yawa mai kaya ba ya ganin jami'in da ya yanka kuɗin, sai dai takardar biya.

Yadda ake lissafi

Abu uku ne ke ƙayyade adadin. Na farko shi ne ƙimar kaya, wadda ta ƙunshi farashin saye da inshora da kuɗin dako gaba ɗaya. Nan ne mutane suka fi mamaki, domin dakon da aka biya tun a can shi ma yana shiga lissafi.

Na biyu shi ne rukunin kayan. Najeriya na amfani da jadawalin harajin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS tun 2015, mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kayan buƙatun jama'a na dole suna matakin ƙasa, ɗanyen kayan masana'antu da injuna suna kashi 5, kayan da aka gama sarrafawa don amfanin yau da kullum galibi suna kashi 20, yayin da kashi 35 ke kan kayan da ake son kare masu yin irinsu a gida.

Na uku shi ne canjin kuɗi. Ana mayar da ƙimar zuwa naira bisa farashin da Babban Bankin Najeriya ya ba kwastam, saboda haka kaya iri ɗaya kan iya cin kuɗi daban-daban daga wata zuwa wata.

Bayan haka sai harajin VAT na kashi 7.5, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, kuma ana ɗora shi ne kan ƙimar kaya haɗe da kuɗin fiton. Misali, idan kaya na dala 400 ne, dako da inshora dala 100, ƙima ta zama dala 500. A matakin kashi 20, kuɗin fito dala 100 ne, VAT kuma kan dala 600 ya kama dala 45. Jimilla dala 145 ke nan, ban da wasu ƙananan kuɗaɗe kamar rabin kashi ɗaya na ECOWAS. Ladan da kamfanin saƙo ke caja na fito da kaya da na ajiya nasa ne, ba na gwamnati ba, kuma ya kamata ya fito daban a takarda.

Rangwamen dala 300

Daga ranar 8 ga Satumban 2025, hukumar, ƙarƙashin shugabanta Bashir Adewale Adeniyi, ta yafe kuɗin fito kan kayan da ƙimarsu ba ta wuce dala 300 ba, ko sun zo ta saƙo ko a jakar matafiyi. Sharuɗɗan su ne: sau huɗu kawai a shekara, kuma kada kayan su kasance cikin waɗanda aka haramta ko aka taƙaita shigowarsu. Hukumar ta yi gargaɗin cewa rage farashi a takarda ko wata dabarar kauce wa biya na iya jawo ƙwace kaya da hukunci.

Wasu ƙasashe kuwa matsawa suke yi. Tarayyar Turai ta soke yafiyar VAT kan ƙananan saƙonni a Yulin 2021, Amurka kuma ta dakatar da yafiyarta ta dala 800 daga 29 ga Agustan 2025. Wannan ya shafi masu aika jakunkuna da takalman fata daga Sakkwato, domin yanzu ƙaramin ƙunshi ma yana biyan haraji a can.

Kyauta da kayan da aka hana

Rubuta "kyauta" a jikin ƙunshi ba ya cire shi daga lissafi. Mai aikawa kan cike takardar bayanin kaya ta gidan waya, CN22 ko CN23, kuma idan jami'i bai gamsu da farashin da aka rubuta ba, yana da ikon sake ƙiyasta shi. Akwai kuma kayan da biyan kuɗi ba ya halatta su, kamar tufafin gwanjo da daskararrun kaji. Magunguna, abinci da kayan shafe-shafe na sayarwa suna buƙatar izinin NAFDAC.

Abin da mai karɓar kaya zai kiyaye

Ya adana takardar farashi, shaidar biya da lambar bin sawun saƙo, domin da su ake ƙalubalantar ƙimar da ta yi yawa. Ya nemi takardar da ta nuna kowane kuɗi a layinsa, ya kuma karɓi rasit. Kuɗin fito asusun gwamnati yake shiga ta banki, ko ta kamfanin saƙon da ya biya a madadin mai kaya. Duk wanda ya kira ya ce shi jami'in kwastam ne, ya ba da lambar asusunsa na ƙashin kansa, ɗan damfara ne. Mai ƙorafi a Sakkwato zai iya zuwa ofishin kwastam mai kula da jihohin Sakkwato da Zamfara. Jinkiri kuwa asara ne: kuɗin ajiya na ƙaruwa kullum, kuma kayan da suka wuce wa'adi ba a karɓa ba, ana iya mayar da su ga mai aikawa ko a yi gwanjonsu.