Karatun muhalli: hanyoyin tallafi, horo da bincike ga ɗaliban Shanono da kewaye

Ƙaramar hukumar Shanono tana arewa maso yammacin birnin Kano, a kan iyaka da Jihar Katsina. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 140,607 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 697, kuma akasarinsu da noma da kiwo suka dogara. A irin wannan ƙasa da gona ke haɗe da gona, raunin ƙasar noma, zaizayar ƙasa, sare itatuwa da ƙarancin ruwa matsaloli ne da magidanci ke gani a rumbunsa tun kafin su shiga littafi.

Ɗan Shanono da ya samu gurbin karatun muhalli a jami'a yana da bukatu uku da ke tasowa a lokuta daban-daban: kuɗin karatu tun daga ajin farko, wurin horon sanin makamar aiki a tsakiyar karatu, da kundin bincike a ajin ƙarshe. Manyan guraben tallafi da ake yayatawa galibi na digiri na biyu ne, amma abin da ake dubawa wajen bayar da su shi ne abin da ɗalibi ya shuka a waɗannan matakai uku.

Inda ake karatun

Jami'ar Bayero tana da Tsangayar Kimiyyar Ƙasa da Muhalli, wadda ta ƙunshi sassa irin su labarin ƙasa, kula da muhalli, ilimin duwatsu da tsara birane. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil ita ma tana da tsangaya mai irin wannan suna. A Dambatta akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako ga mai neman difloma. A wajen jihar kuwa akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a Katsina.

Sunan kwas yana da tasiri fiye da yadda ɗalibai ke zato. Masu bayar da tallafi kan fitar da jerin kwasa-kwasan da suka amince da su, kuma na'urar tantancewa ba ta san cewa labarin ƙasa da kula da muhalli 'yan gida ɗaya ba ne. Wanda bai ga sunan kwas ɗinsa a jeri ba, sai ya nemi bayani daga ofishin kula da harkokin ɗalibai kafin ya kashe kuɗin cike takarda.

Rance da tallafi

Asusun Lamunin Karatu na Ƙasa, NELFUND, ya samo asali ne daga dokar da aka sanya wa hannu a watan Afrilun 2024, aka kuma buɗe shafin neman rancen a watan Mayun shekarar. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, sannan ya ba wanda ya nema naira 20,000 a wata domin ɗawainiyar yau da kullum. Babu kuɗin ruwa a kansa. Sai dai bashi ne: ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Ana bukatar lambar JAMB, lambar NIN, lambar BVN da shaidar samun gurbi, kuma sai makaranta ta tura bayanan ɗalibi kafin ya iya nema.

Tallafin da ba a biya kuwa yana hannun Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Shirinta na cikin gida na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne da suka kai aji biyu zuwa sama, kuma an saba neman makin CGPA da bai gaza 4.0 cikin 5.0 ba. A watan Yulin 2025 ma'aikatar ta sanar da ƙara kuɗin masu digirin farko daga naira 300,000 zuwa 450,000 a shekara. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta dakatar da shirin BEA, wanda ta kan tura ɗalibai ƙasashen da ke da yarjejeniyar ilimi da Najeriya. Don haka duk wanda ya zo da tallan sabon gurbin BEA abin tuhuma ne.

A matakin jiha, Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kano ce ke biyan alawus ga 'yan asalin jihar. A 2023 gwamnatin jihar ta amince da naira miliyan 700 domin biyan kuɗin rajistar ɗalibai 7,000 a Jami'ar Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin makaranta a manyan makarantunta. Irin wannan mataki ya danganta da kasafin kowace shekara, saboda haka ba abin da za a gina lissafin shekara huɗu a kansa ba ne.

Akwai kuma na kamfanoni da asusu na musamman. Gidauniyar MTN tana ɗaukar ɗaliban kimiyya da fasaha na aji uku masu CGPA 3.5 zuwa sama. Asusun PTDF, da kamfanonin NLNG da TotalEnergies, suna da nasu shirye-shiryen ga masu digirin farko, kowanne da jerin kwasa-kwasansa da jarrabawarsa.

Abin lura a nan shi ne kusan duka waɗannan suna kafa hujja da makin aji ɗaya da aji biyu. Ɗalibin da ya taho daga makarantar karkara, yana fama da sabon wuri da Turancin lacca, shi ne ya fi fuskantar haɗarin faɗuwar maki a shekarar farko, kuma ita ce shekarar da ta fi wuyar gyarawa daga baya. Da safe ake kama fara.

Takardun da ake shiryawa tun da wuri

Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma daga sakatariyar Shanono ake karɓarta, kuma ya fi sauƙi a same ta lokacin hutu maimakon ranar da za a rufe shafi. Sai takardar samun gurbi ta JAMB da ta makaranta, katin shaidar ɗalibi, sakamakon zangunan da suka gabata da asusun banki mai sunan ɗalibin kansa. Babban abin da ke kayar da mutane shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa: Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, ko sunan gari a wata takarda, sunan kaka a wata. Gyaran yana ɗaukar lokaci, don haka a aji ɗaya ya kamata a yi shi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi da ke sayar da gurbi. Saƙon WhatsApp ko Facebook da ke neman a tura kuɗi, ko lambar sirrin banki, kafin a saka suna a jeri, damfara ce.

Horon sanin makamar aiki

Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu kafin su kammala. A jami'a yakan kai wata shida, a aji uku ko aji huɗu gwargwadon tsawon kwas. Ɗalibi na rubuta aikinsa na kullum a littafin da mai kula da shi zai sa wa hannu, malami kuma ya kai ziyarar dubawa. Alawus ɗin shirin ƙalilan ne kuma yakan makara, don haka tanadin kuɗin mota da masauki yana wuyan ɗalibi.

Kano na cikin garuruwan Arewa da suka fi yawan wuraren da suka dace da wannan horo. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, wadda ke kula da madatsun ruwa da noman rani. Akwai ofishin hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, tashar hasashen yanayi ta NiMet a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, da tashar binciken shingen itatuwa ta Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa. A ɓangaren jiha akwai Ma'aikatar Muhalli, hukumar tsaftar gari ta REMASAB, hukumar ayyukan ruwa ta WRECA da hukumar bunƙasa noma ta KNARDA. Cibiyoyin binciken noma na duniya, IITA da ICRISAT, duk suna da ofis a Kano.

Shirye-shirye biyu sun shafi ƙasa irin ta Shanono kai tsaye. Na farko shi ne ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a watan Disambar 2021, domin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Na biyu shi ne hukumar da aka kafa a 2015 domin aikin katangar itatuwa ta yaƙi da kwararowar hamada, wadda Kano ke cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu.

Ma'aunin wuri mai kyau shi ne abin da ɗalibi zai fito ya iya. Wata shida na ɗaukar samfurin ƙasa da ruwa, sarrafa na'urar GPS, rainon dashe ko zana taswira a kwamfuta sun fi wata shida na zaman benci a ofis mai babban suna. Kafin a kai takarda, yana da kyau a tambayi waɗanda suka yi horo a wurin bara ko ana fita da su fili. A kuma kai takardar da wuri, domin guraben kaɗan ne.

Bincike: gonar gida a matsayin fage

Asusun TETFund malamai da makarantu yake ba kuɗin bincike, ba ɗaliban digirin farko ba. Hanyar ɗalibi ita ce ya zama mataimaki ga malamin da ke da aiki a hannu, wajen tattara bayanai ko yin tafinta. A nan ɗan karkara yana da abin da ba a koyarwa a aji: ya san sunan itace da ciyawa, ya san bambancin jigawa da fadama, ya kuma san yadda ake gaida dagaci.

Karkarar Kano sananniya ce a duniyar binciken muhalli. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga 1962 kafin ya koma Jami'ar Bayero a 1979, ya shafe shekaru yana nazarin yankin da jama'a suka yi cunkoso a kewayen Kano. Bincikensa ya nuna yawan mutane ba lallai ya kashe ƙasa ba: manoma na riƙe ƙarfin gona da takin dabbobi, da haɗa gero da dawa da wake, da barin itatuwa masu amfani a tsakiyar shuka. Ƙauyukan da littafinsa na 1999 da W. M. Adams ya dogara da su, irin su Tumbau da Dagaceri, ba a ɓangaren Shanono suke ba. Maimaita waɗannan tambayoyi a yammacin jihar, bayan sama da shekara ashirin, aiki ne da ɗalibi zai iya.

Misali, a ƙidaya gawo, kuka, tsamiya da ɗorawa a gonaki ashirin, a auna kaurinsu, a ga ko akwai ƙanana masu tasowa. Gawo na zubar da ganye da damina, shi ya sa ba ya tare wa hatsi rana, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi rainon tohon kututture maimakon tumɓuke shi, abin da ya dawo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Ko hakan na faruwa a Shanono, tambaya ce mai amsa a gona. Haka kuma ana iya auna faɗaɗar kwazazzabo tsakanin damina biyu, ko zurfin ruwan rijiyoyi daga kaka zuwa bazara, ko yadda gonaki suka ci burtali, ko ingancin ruwan noman rani a madatsar Watari da ke maƙwabciyarta Bagwai.

Kayan aikin da yawa kyauta ne. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro daga 1972, kuma an buɗe su ga kowa a 2008. Na Sentinel-2, waɗanda suka fara a 2015, suna nuna fili har zuwa mita 10. Manhajar QGIS ta zana taswira da KoboToolbox ta tattara amsoshi a waya ba a sayen su.

Tsaro kuwa ya zama sharaɗi. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke bakin iyakar Katsina. Mai bincike ya fara da sanar da hakimi da dagaci, ya tafi da takardar sashensa, ya nemi yardar mai gona, ya kuma amince da sauya ƙauye idan mutanen gari suka ce kada a je.

Bayan digirin farko

A 2023 gwamnatin Kano ta farfaɗo da shirin tura ɗalibai digiri na biyu a waje, inda ta ɗauki 1,001 zuwa Indiya da Uganda, kuma sharaɗin shi ne digiri mai daraja ta ɗaya, wato CGPA 4.5 zuwa sama. A gida akwai Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012 ta kuma shiga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa. Shirin WASCAL, da Jamus ke ɗaukar nauyi, yana horar da masana sauyin yanayi a Minna, Akure da Yamai. Cibiyar APLORI ta Jos tana bayar da digiri na biyu kan kare halittu. Tallafin Chevening na Birtaniya kuwa sai an yi aiki na shekara biyu kafin a nema.

Yawancin waɗannan na neman sakamako mai kyau, wasiƙar shaida daga malamin da ya san aikin ɗalibi, da bayanin matsalar da yake son warwarewa. Kundin da aka kwafo daga shagon buga takardu ba ya samar da ko ɗaya daga ciki. Wanda ya auna itatuwan gonakin garinsu da hannunsa, ya adana alƙalumansa, ya kuma miƙa kwafin sakamakon ga sashen noma na ƙaramar hukuma, yana da abin faɗa a gaban kowane kwamitin tantancewa.