Entra Connect: manhajar daidaita rajistar ma'aikata da ta intanet

Entra Connect manhajar Microsoft ce da ke kwafar asusun ma'aikata daga rajistar ofis, wato Active Directory, zuwa Entra ID, rajistar intanet da ake kira Azure AD kafin 2023. Ta haka ma'aikaci ke buɗe kwamfutarsa da Outlook da kalmar sirri ɗaya.

Tana daidaita bayanai kowane minti 30. Wajen saiti, mai kula da na'urori ne ke zaɓen sassan rajistar da za a kwafa. In ya cire wani sashe bisa kuskure, asusun mutanen sashen za su goge a intanet. Shi ya sa manhajar ke dakatawa idan gogewar ta haura asusu 500. Asusun da ya goge kuma ana iya maido da shi cikin kwana 30.