Ƙurar da ke kan asabarin taga

Asabarin taga na Turawa, wanda ake jera fallayensa a kwance a ɗaure su da igiya, ya zo da wata matsala tun farkonsa wadda har yau ba a rabu da ita ba: kowane falle kanta ce da ƙura ke kwanciya a kai. Asabarin da Bahaushe ya sani, na ciyawa da ake rataya a bakin ƙofa, ana naɗe shi a kakkaɓe, shi ke nan. Wannan kuwa sai an bi shi falle-falle, ciki da baya.

Turawan Ingila suna danganta shi da birnin Banis na Italiya. A 1769 wani Bature mai suna Edward Bevan ya yi masa rajistar mallaka a Landan, kuma a wannan ƙarni ya shiga coci-coci da gidajen masu hali a Ingila da Amurka. Na katako ne a lokacin, mai nauyi, mai tsada, da zirin yadi da ke riƙe fallayen. Katako ba ya shiri da ruwa, yana kumbura ya karkace, don haka sai dai a goge da busasshen ƙyalle. Mai gidan bai damu ba, domin ba shi ke gugar ba. Barori ke yi, a wasu gidajen Amurka kuwa bayi.

Abin ya sauya a ƙarni na 20. A 1946 Henry Sonnenberg da Joe Hunter suka haɗa gwiwa wajen ƙera fallaye na alminiyam marasa nauyi, daga nan kamfanin Hunter Douglas ya samo asali. Farashi ya sauka, asabarin ya shiga gidajen ma'aikata a daidai lokacin da barori ke ƙaranci a gidajen Amurka, sai aikin ya faɗo kan uwargida. Alminiyam yana jure ruwa, har akan sauke asabarin a jiƙa shi a bahon wanka. Amma a shekarun 1970 da aka yi yayin siraran fallaye masu faɗin inci ɗaya, adadin fallayen da ke kowace taga ya kusa ninkawa. Masu tallar sun sayar da kyan gani, ba su yi lissafin hannun da zai goge ba.

Daga baya roba ta karɓi kasuwa saboda arha, kuma a nan ne labarin ya yi muni. Jami'an lafiya a jihohin Arizona da Karolaina ta Arewa sun ci karo da yara masu dalma a jini, suka bi sawu har zuwa tagogin gidajensu. A watan Yunin 1996 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi game da asabarin roba maras sheƙi, wanda ake shigo da kusan miliyan 25 nasa kowace shekara daga Sin da Taiwan da Meziko da Indunusiya. Masana'antu suna zuba dalma a robar domin ta yi ƙarko. Rana da zafi suna cin robar a hankali, sai ta riƙa fitar da gari mai dalma a saman fallayen. Yaro ya shafa taga, ya kai hannu baki, guba ta shiga jikinsa, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta yadda ba a cika gyarawa ba. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara, ya san wannan hanya daga hannu zuwa baki, ko da yake girman masifun biyu ba ɗaya ba ne.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne tsafta ba ta wadatar ba. Uwa za ta goge yau, rana ta sake tayar da garin gobe, domin daga jikin asabarin ƙurar ke fitowa. Shawarar hukumar ita ce a cire shi ɗungurungum daga gidan da ke da yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa. Masana'antun suka amince su sauya haɗin robar, sababbin kaya suka fito da alamar cewa ba a zuba musu dalma ba.

Hanyar gugar kanta ba ta sauya sosai ba tun zamanin Bevan. Ana rufe fallayen, a fara daga sama domin abin da ya zubo ya sauka kan wanda ba a goge ba, sannan a juya su a maimaita. Ƙyalle mai ɗan danshi ya fi tsintsiyar gashin tsuntsu, wadda ke tayar da ƙura ta bar ta a iska ta sake sauka. Na kicin yana buƙatar ruwan ɗumi da sabulu saboda maiƙo, na katako kuwa har yanzu ba a jiƙa shi. A ofisoshin Kano ko Yamai, inda iskar hunturu ke kawo ƙura daga Sahara tun daga Nuwamba har Maris, gugar safe ba ta cika kaiwa la'asar ba.