Motar Hirohata da Hannayen da Ta Ratsa

Malaman tarihi sun ce abin da ba shi da isnadi ba a dogara da shi, to ga alama masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka su ma wannan ƙa'ida suka riƙe, domin ba sa yi wa mota daraja sai sun san silsilar waɗanda suka mallake ta, tun daga wanda ya fara murza mata makulli har zuwa wanda take hannunsa yau. A cikin tsofaffin motocin da aka sake wa siffa, da wuya a sami wadda isnadinta ya inganta kamar Mercury ƙirar 1951 da ake kira da sunan Hirohata.

Masato Hirohata, wanda abokansa ke kira Bob, saurayi ne Ba'amurke mai asalin Japan, mazaunin yankin Los Angeles. A 1952 ya kai motarsa garejin wasu 'yan'uwa biyu, Sam da George Barris, a Kalifoniya, yana neman a mayar da ita abin da ba a taɓa gani ba a kan titi. Abin da suka yi mata ya wuce gyara, ya kusa zama sabuwar ƙira. Sun yanke ginshiƙan rufinta suka sauke shi da inci 4 ta gaba, da inci 7 ta baya, har ya zamana tana tsaye amma mai kallo yana ganin kamar ta sunkuya za ta zabura; sun cire hannayen ƙofofi da tambarin kamfani; sun ɗauko fitilun baya na Lincoln da zanen ƙarfen gefe na Buick, suka harhaɗa haƙoran gabanta daga na Ford. Duk inda aka yi walda kuwa, da narkakkiyar darma aka cike shi, ana lallaɓa ta da katako tana da zafi, sa'an nan a bi da zarto har sai tafin hannu ya shafa bai ji gaɓa ba. Aka yi mata fenti kala biyu, kore mai haske a sama, kore mai duhu a ƙasa.

Abin da ya fi burge ni game da Bob shi ne bai mayar da ita amaryar lalle ba. Bayan an sa mata injin Cadillac, a 1953 ya tuƙa ta da kansa tun daga Kalifoniya har Indianapolis don wani baje koli, tafiyar da mujallar Rod & Custom ta buga labarinta. A 1955 ta fito a fim ɗin Running Wild, an sake mata launi mai kama da zinariya, kuma a wannan shekara ya sayar da ita.

Daga nan sai ta shiga abin da ke samun duk kayan yayi idan yayinsu ya wuce: ta yi ta sauya hannu, ta yi hatsari, aka gyara, aka sake fenti, darajarta tana raguwa, har a wajajen ƙarshen 1959 wani ɗan makaranta mai suna Jim McNiel ya tarar da ita a wurin dillalin tsofaffin motoci, ya biya dala 500. Ya hau ta 'yan shekaru, sa'an nan a 1964 ya shigar da ita gareji ya rufe.

A nan ne, a ganina, sa'arta take. Da yawa daga cikin takwarorinta an ci gaba da yi musu ƙari bisa son zuciyar kowane sabon mai shi har asalinsu ya ɓace, wasu kuma suka ƙare a hannun 'yan gwangwan. Ita kuwa, saboda ta faɗa hannun mutumin da bai da niyyar sayarwa kuma bai da gaggawar gyarawa, sai ta kwana fiye da shekara 20 da ainihin aikin Sam Barris a jikinta. Da McNiel ya tashi farfaɗo da ita, tare da ƙarfafawar marubuci Pat Ganahl, ƙarƙashin fenti bisa fenti aka tono koren farko, aka auna sabon da shi, kuma Junior Conway, wanda ya koyi sana'a a garejin Barris tun yana yaro, shi ya fesa.

A 2015 ta zo ta ɗaya a ajinta a gasar Pebble Beach, a 2017 aka shigar da ita rajistar motocin tarihi ta Amurka, aka kuma ajiye ta cikin ɗakin gilashi a Washinton jama'a suna kallo. McNiel ya rasu a 2018, bayan ya riƙe ta kusan shekara 60. A watan Janairu na 2022 iyalansa suka kai ta gwanjon Mecum a Fulorida, inda aka saye ta dala 2,145,000, kuma mai shelar gwanjon da sunan Hirohata ya kira ta, mutumin da bai wuce shekara uku ko huɗu da ita ba.