Kaka mai tulu: daga Sifawa zuwa Amanawa

Shirinmu na yau tarihi ne, amma na cikin gida, domin a kan kakata ne, mahaifiyar babana.

Duk wanda ya ji Sifawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake fara tunawa. Nan ya zauna yana karantarwa daga wajen 1810, ƙaninsa Abdullahi yana Bodinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815 ya rasu a 1817. To yaya aka yi 'yar wannan gari ta zama mai ba da waƙa a majami'a? Amsar ita ce kuturta.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun daɗe ba su bar 'yan mishan sun yi aiki sosai a ƙasashen sarakuna ba. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe, ita ma ta hanyar magani. Mishan ɗin SIM ya karɓi aikin jinyar kutare tare da hukumomin En'e: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Kaka tana yarinya, ko aure ba a yi mata ba, aka ga tabo a bayanta, wurin ko an tsikare shi da ƙaya ba ta ji. Kawunta ya ɗora ta a jaki ya kai ta Amanawa. A lokacin allurar wani mai ake yi, mai zafin gaske, ga shi ba ya warkar da kowa da kowa. Sai wajen 1950 ƙwayar dapsone ta bazu, mutane suka fara samun sallama. Ita kam ta warke, amma yatsu uku na hannun dama sun riga sun tafi.

A can ta koyi karatun boko da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. A can aka yi mata baftisma, a can ta auri kakana, shi ma majinyaci ne. Masana tarihi har yau suna muhawara kan wannan zamani: jinya ce ko farautar mabiya? Ni dai a ganina duka biyun sun faru, kuma wanda ya ce ɗaya ce kawai bai zauna da waɗanda abin ya shafa ba.

To, maganar waƙa. Waƙoƙin farko na Littafin Waƙoƙi fassara ce, muryar kuma ta Turawa, sai ka ji karin Hausa ya karkace, kalma ta koma wata. Matan Zumuntar Mata ne suka gyara wannan ba tare da wani taro ba. Suka ɗauko salon waƙar daka da ta niƙa, ɗaya ta bayar, saura su amsa, suka shigo da tulu da kacau-kacau. Kaka ba ta iya riƙe makaɗi, don haka ake ɗaura mata ɗan matashin fata a tafin hannu, da shi take bugun bakin tulu. Sautin nan a ƙirji kake jinsa. Lokacin da aka kafa ECWA a 1954, ita ce mai ba da waƙa a ƙaramar majami'arsu, kuma ta riƙe har idonta ya mutu. Ba ta taɓa rubuta waƙa ko ɗaya ba. Takan ce, "Abin da munka rera da baki, baki shi ka riƙe shi." Yau cikin jikokinta mutum biyu ne kawai suka iya uku daga ciki har ƙarshe, ni ba na cikinsu.

Dangin Sifawa fa? Shekaru da yawa ba wanda ya taka ƙafa, wasu don addini, mafi yawa don tsoron cutar. Ƙanwarta ce ta fara zuwa, da ƙwaryar fura. Daga nan duk Babbar Sallah sai an aiko da nama, duk Kirsimati kuma Kaka ta sa a kira mahauci Musulmi ya yanka akuya, don 'yan'uwanta su ci hankali kwance. Ranar jana'izarta sun cika mota guda daga Sifawa, suka zauna a inuwar dogonyaro a waje har aka gama sujada, sannan suka bi gawa zuwa makabarta.

Tulun yana ɗakin gwaggona, bakinsa ya tsage. Mako mai zuwa za mu je wurinta ta rera mana waɗanda take tunawa.